Saura Jarka Biyu da Rabi

Ba zakara ne ke tashina ba,
zakaranmu mun cinye shi tun a Kaledupa.
Igiyar anka ce ke ƙara
idan iska ta sake shawara cikin dare.
Na laluba duhu na sami risho,
na ɗaure tukunya da waya ta gefe biyu,
don a nan ko ruwan shayi sai ya iya rawa.

La Dambo ya shimfiɗa darduma, ya daidaita alƙibla.
Kafin ya kai ruku'u jirgi ya juya da shi,
ya yi sallama yana kallon tsibirin jiya.
Ya ce Allah ya san inda na nufa.
Na ce to, shayinka dai yana hucewa.

Jarka shida muka ɗauko a Tomia,
saura biyu da rabi.
Ga ruwa har inda ido ya gaji,
amma kofi guda ne rabon fuskar mutum.
Zanena ya sha gishiri har yana tsayawa da kansa,
ashana tana kwana cikin kwalba kamar magani,
cokali ma tsatsa ta fara taɓawa.

Da hantsi yaron nan La Ruhi ya hau goshin jirgi
yana karanta mana launin teku.
Shuɗi mai duhu, a wuce.
Kore, a rage wuta.
In ya zama kamar shayi da madara
sai ya ɗaga hannu biyu, babu magana,
murjani ne a ƙasa, mai haƙora,
shi ya ci jirgin kawunsa shekara uku da wucewa.

Sai ga kwalekwalen Wa Ndiki ta bayan dutse,
rogo, kwakwa bakwai, kifi ja yana numfashi.
Batir take so, da sabulu, da sukari gwangwani biyu.
Na ce ɗaya. Ta ɗaga kifin ta nuna masa teku.
Na ce ɗaya da rabi.
Muka yi dariya, ta tambayi ƙafata mai ciwo,
na tambayi jikanta, ta ce ya fara rarrafawa.

Azahar inji ya yi tari sau uku ya yi shiru.
La Dambo ya shiga ramin har kafaɗa,
yana lallashinsa, can kuma yana zagin wanda ya ƙera shi.
Muka ɗaga tsohon ƙyallen nan mai faci tara,
ɗaya daga buhun shinkafa, har rubutun yana nan.
Iska ta zo a yangance, ta ga dama ta tura mu.
Ban faɗa masa ba,
amma shirun nan na fi so da duk wata isowa.

Waya ba ta kamawa sai a ƙolin itacen jirgi.
La Ruhi ya hau da ita a baki,
ya sauko da rabin saƙon 'yata daga Baubau:
Inna, jarrabawar nan na...
Sauran yana can sama tare da tsuntsaye.
Na yanka albasa ta ƙarshe, na ce ita ce ta sa ni ƙwalla,
ba wanda ya tsaya tambayawa.

La'asar hadari ya haɗo ta gabas.
Tukunya, bokiti, murfi, har hular La Dambo,
muka shimfiɗa leda muka tsaya baki buɗe.
Ya zuba a kan teku, taku ɗari daga gare mu,
muna ji, muna gani, muna shaƙar ƙamshinsa,
ya wuce bai ba mu ko gaisuwa.

Magariba muka jefa anka a Binongko.
Tun daga nesa ake jin gudumar maƙera.
Gobe za mu loda adduna, in cika jarkoki, in sayi albasa.
Na taka yashi, ƙasa ta yi tangaɗi da ni,
sai da na riƙe kafaɗar yaron.
Ya ce Wa Sarinu, ai nan ba ya motsi.
Na ce kai ka sani. Riƙe ni mu koma ruwa.